Tambaya da Amsa: Rumfar Ƙofar Lambu Ta Lotsa da Damina

Saƙonnin da suka fi yawa a wannan wata sun fito ne daga kudancin jihar Kebbi, wajen Yauri da Zuru, inda ruwa kan sauka tun watan Mayu kuma ba ya ɗaukewa sai Oktoba. Kusan duka magana ɗaya suke yi: rumfar nan mai lanƙwasa kamar bakan gizo da ake kafawa a ƙofar lambu ko mashigar gida don fure ko soso ya hau, ta lotsa ko ta karkace bayan marka. Mun zaɓi guda shida.

Daga wani malamin makaranta a Yelwa-Yauri: Rumfata ta katako ce, ƙafa huɗu, faɗinta mita 1.5, tsawonta sama mita 2.4. Shekara uku ke nan da kafa ta, boganbiliya ta rufe ta. Bana tsakiyar bakan ya sauko, gaba ɗayanta kuma ta karkata yamma. Kafinta ya ce a sake katakon sama. In yarda?

Malam, kada ka sayi katako tukuna. Sama ido yake ganin lotsawa, amma sau da yawa ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka ɗauki sukudireba da ƙaramar fartanya, ka tone ƙasar da ke kewaye da kowace ƙafa zurfin santimita 15, ka soki katakon daidai inda ya haɗu da ƙasa. Lafiyayyen katako ba ya karɓar sukudireba, sai dai ta bar ɗan tabo. In ta nutse santimita 1 ko fiye, ko katakon ya zama kamar soso, ko ya fito da jar ƙasa a cikinsa, ƙafar ta tafi. Dalili shi ne ruɓa tana buƙatar danshi da iska tare. Can ƙasan rami akwai danshi amma iska kaɗan ce, sama akwai iska amma katako yana bushewa. A wuyan ƙafar ne, daga fuskar ƙasa zuwa kamar taki ɗaya ƙasa, biyun suke haɗuwa. Katakon da danshinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 na tsawon watanni zai fara ruɓewa, kuma a Yauri ƙasa ba ta bushewa daga Yuli zuwa Satumba. Karkatar da ta yi yamma ma ba abin mamaki ba ne, tunda hadarinmu daga gabas yake tasowa, ganyen da ya cika rumfar kuma ya zama kamar zanen da aka shanya wa iska.

Abin da za ka fara yi yau, ko da ana ruwa, shi ne rage kaya. Sa safar hannu mai kauri saboda ƙaya, ka yanke kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin rassan boganbiliyar, musamman tulin busassun da suka taru a ƙarƙashin kore a saman baka. Su ne suke shan ruwa su riƙe. Kada ka yanke uwar jijiyar. Kwance ta daga jikin katako ka kwantar da ita gefe a kan buhu. Boganbiliya ba ta jin haushin aski, za ta tofo.

Sai tokara. Samo dirka biyu masu gwafa, ka ɗora kowace a kan guntun katako mai faɗi don kada ta nutse cikin taɓo, ka tokare bakan daga ƙasa. In nauyin ya fi ƙarfin mutum biyu, jak ɗin mota da guntun tu-bai-fo, wato katako mai inci 2 da 4, a kansa zai ɗaga, amma a hankali, santimita 2 ko 3, a tsaya a duba mahaɗai, sannan a ƙara. Katakon da ya sha ruwa in aka yi masa gaggawa tsagewa yake yi a bakin ƙusa. Ka ƙara wata doguwar sanda a karkace daga gefen yamma, ka tura rumfar har ta miƙe. Don ka san ta miƙe, ɗaura dutse a igiya ka rataya daga kafaɗar kowace ƙafa: tazarar igiyar da katako ta zama ɗaya sama da ƙasa.

Gyaran ƙafa ana yin sa ɗaya bayan ɗaya, ba a yanke biyu lokaci guda. Yanke ruɓaɓɓen da zarto har ka kai katako mai tauri, sannan ka ƙara santimita 5 sama da nan, domin ruɓa tana riga ido isa. Tone kututturen da ya rage a ƙasa ka fitar da shi duka. Barinsa gayyatar gara ne. Gyara ramin ya zama santimita 30 faɗi ta kowane gefe, zurfi 60. Zuba tsakuwa santimita 10 a ƙasa ka daddage.

Daga nan muna ba da shawarar kada katako ya sake shiga ƙasa. Je wurin mai walda ya yanko maka ƙarfen angul, mai kusurwa kamar harafin L, faɗi milimita 50, kauri 5, tsawo mita 1, guda ɗaya ga kowace ƙafa. Ya liƙa guntun rodi a gicciye a gindinsa don ya kama kankare, ya huda ramuka biyu na milimita 12 a rabin sama, tazarar santimita 25 tsakaninsu. Shafa masa jan fenti na hana tsatsa sau biyu. Ɗaura shi a jikin ƙafar katakon da ke rataye da noti biyu masu kaurin milimita 12 da washa ta gefen katako, notin ƙasa ya kasance aƙalla santimita 10 daga bakin katakon, rabin ƙarfen kuma yana lilo cikin rami. Sake duba igiya da dutse, sannan ka zuba kankare: siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Buhu ɗaya da rabi na siminti, wato kwanon sarki 3, da yashi 6 da tsakuwa 12, ya wadatar da ramuka huɗu. Kankaren ya ɗaga sama da ƙasa kamar santimita 8, a shafe kansa da cokali ya gangara waje kamar bayan ƙwarya. Tsakanin kansa da bakin katako a bar sarari santimita 5, iska ta riƙa wucewa. Wannan ɗan sararin shi ne gyaran. Sauran duk hidimarsa suke yi.

Kwana 7 ana yayyafa wa kankare ruwa, tokara tana nan ba a cire ba. Furen kuma kada a mayar da shi sai bayan mako biyu. In ka yi haka, za ka iya samun bakan sama ya koma daidai ba tare da an sake ko katako ɗaya ba. In ruɓar ta hau sama har ƙarfen ba zai kai lafiyayyen katako ba, ƙafar ba ta gyara ba ce, sabuwa za a sa.

Daga wata uwargida a Zuru: Na sa an duba ƙafafu, lafiyarsu lau, na ƙirya ne. Amma tsakiyar bakan ya lotsa, ƙafafun kuma sun buɗe daga sama kamar an tale su. Duk shekara sai an ƙara ƙusa.

Hajiya, ƙirya ta yi miki rana, matsalarki a mahaɗai take. Baka ba ya tura nauyi ƙasa kawai, yana turawa gefe ma. Da zarar ƙololuwa ta sauko, kafaɗun biyu sai su buɗe, buɗewarsu kuma ta ba ƙololuwa damar ƙara saukowa. Ki sa a auna faɗin rumfar a ƙasa, a sake aunawa a kafaɗa, inda lanƙwasa ta fara. In na sama ya fi na ƙasa da santimita 3 ko fiye, abin da muka faɗa ne.

Ƙarin ƙusa gyaran gangar Auzinawa ne. Katako yana kumbura da damina, ya motse da hunturu, kowane zagaye yana faɗaɗa ramin ƙusa yana turo ta waje. Ruwa ya shiga ramin, ƙusa ta yi tsatsa, katakon da ke kewaye da ita ya yi baƙi ya yi laushi. Sabuwar ƙusa sabuwar hanyar ruwa ce, kuma tana tsaga bakin katako.

A rage ganye, a tokare ƙololuwa. A kewaya kafaɗun biyu da igiya mai ƙarfi ruɓi biyu, a sa sanda a tsakiya a riƙa murɗawa. Igiyar za ta jawo kafaɗun ciki yayin da ake ɗaga tsakiya da jak. Idan faɗin sama ya yi daidai da na ƙasa, a ɗaure sandar kada ta warware ta bugi mutum. Sannan a sa abin da zai riƙe wannan faɗin har abada: ko tu-bai-fo a gicciye daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ko rodi mai milimita 12 da aka yi wa zare a bakinsa biyu, a huda ƙafafun a zura shi, a ɗaure da washa babba da noti. Rodin ya fi kyau ga ido, ganye na ɓoye shi, kuma ana iya ƙara matse shi kowace shekara. Ya kasance aƙalla mita 2.1 daga ƙasa, don mai kaya a ka ya wuce. A yi ɗaya a gaba, ɗaya a baya.

A cire tsofaffin ƙusoshi, kowace mahaɗa a ɗaure ta da noti biyu masu milimita 10, farare masu rufin zinki. Ƙirya tana da tauri, dole a huda da inji kafin a zura komai. A kowace kusurwa a sa ɗan tokari mai tsawon santimita 50 a karkace, daga ƙafa zuwa katakon gicciye. Murabba'i yana iya gocewa, kusurwa uku ba ta gocewa, shi ya sa waɗannan 'yan guntaye suka fi ƙusa ɗari amfani.

Ki kuma duba yadda kafinta ya kwantar da katakon sama. Tu-bai-fo da aka tsayar a kan siririn gefensa ya fi wanda aka shimfiɗa a kwance ƙin lanƙwasa sau huɗu, kuma ruwa ba ya samun wurin kwanciya a kansa. Wanda ya riga ya yi doro na shekaru ba zai miƙe ba, domin jiƙaƙƙen katako da ke ɗauke da kaya yana lanƙwasa a hankali ya zauna a haka. Wannan sai canji, ko a haɗa masa sabo a gefensa a ɗaure su da noti kowane santimita 40.

Daga wani manomin shinkafa a Argungu: Da munka kafa tamu, kankare anka zuba ma ƙafafu don kada su ruɓe. Shekara biyu sunka ruɓe, ɗaya ma ta nutse da kankaren nata. Mi ya kawo haka?

Alhaji, an gudu gara an faɗa gidan zago. Idan aka zuba kankare a ƙasan rami sannan aka dasa katako a ciki, an yi masa kofi ne. Hunturu ya zo katako ya motse, 'yar tsaga ta buɗe tsakaninsa da kankare, damina ta cika ta da ruwa, ruwan kuma ba shi da mafita. Ƙafar tana jiƙe wata biyar. Wanda ya nace sai ya binne katako, to bakinsa ya zauna a kan tsakuwa santimita 15, kankaren ya zama zobe a kewaye kawai, ƙasansa a buɗe. Amma hanyar ƙarfen angul da muka bayyana wa malamin Yauri ta fi.

Nutsewar kuma halin ƙasarku ne. Lakar fadama tana kumbura ta yi laushi da ruwa, ta tsage da rani, kuma siririn gindi mai nauyi yana shigewa cikinta kamar turke. Ka faɗaɗa ramin zuwa santimita 45, ka zurfafa zuwa 75, tsakuwa 15 a ƙasa a daddage sosai. Faɗin gindi ne yake hana nutsewa fiye da zurfinsa. Ka ɗaga ƙasar wurin da jar ƙasa ko burji ta fi kewayenta tudu, ka ja 'yar magudana ta kwashe ruwa mita 2 daga rumfar. In indararon wani ɗaki yana zuba kusa, a juya shi. Wurin da ruwa kan kwanta kwanaki in gulbi ya cika, kan kankaren ya ɗaga sama da alamar da ruwan bara ya bari a bango.

Daga wani ma'aikaci a Birnin Kebbi: Tawa ta ƙarfe ce, fayif mai kusurwa huɗu, bakan kuma rodi. Fentinta yana nan, amma ƙafa ɗaya ta karye daga ƙasa, bakan ya baje.

Ɗan'uwa, fayif daga ciki yake cin kansa. Ruwa yana shiga ta saman da ba a toshe ba ko ta ƙananan ramukan walda, ya gangara ya taru a gindi, tsatsa ta cinye bangon yayin da fenti yake sheƙi a waje. Ƙwanƙwasa sauran ƙafafun da ƙaramar guduma daga ƙasa zuwa sama. Lafiyayye yana ƙara tar, wanda ya ci yana amsawa a dushe ko ya loɓa. Da wuya ɗaya ta karye sauran suna lafiya.

Mai walda ya yanke ɓangaren da ya ci, ya zura ƙaramin fayif mai kaurin bango aƙalla milimita 2 a ciki, ya shiga santimita 30 sama, ya yi walda a kewaye, sabon gindin ya shiga kankare mai gangara. Ya toshe saman kowace ƙafa da ɗan faranti, ya huda rami mai milimita 6 daidai saman kankare don ruwan da ya shiga ya fita. Cikin fayif ɗin da ke ƙasa da ramin a cika shi da ruwan siminti, kada ya zama rijiya.

Rodi ɗaya mai milimita 10 ko 12 bai isa baka mai faɗin mita 1.5 da fure a kai ba, ƙarfen cikin kankare ne ba na ɗaukar kaya shi kaɗai ba. Ko a sa fayif zagayayye mai inci 1 a lanƙwasa, ko a yi rodi biyu, ɗaya sama da ɗaya tazarar santimita 10, a haɗa su da guntaye a karkace kamar haƙoran zarto. Haka siririn ƙarfe yake samun ƙarfi.

Kafin fenti a kankare kashin walda da guduma, domin a ƙarƙashinsa tsatsa take farawa. A goge da buroshin waya da sanfefa har ƙarfe ya fito, a share ƙura, jan fenti sau biyu, fentin mai sau biyu, kwana ɗaya tsakanin kowace shafa. In farin fayif irin na famfo za a yi wa walda, a yi a fili inda iska ke kaɗawa, hayaƙin zinki yana sa zazzaɓi. Wurin da wuta ta taɓa ya rasa rufinsa, dole a yi masa fenti.

Daga wani mai lambu a Wara, ƙaramar hukumar Ngaski: Da gora na yi tawa don soso ya hau. Ta lotsa, gari yana zubowa daga jikinta, ga gara a ƙafa. An ce in shafa baƙin mai.

Malam, gorar da ke zubar da gari ƙwaro ya gama da cikinta, ba ta gyaruwa. Ka tokare ta da dirka a tsakiya har ka girbe sosonka, sannan ka sake. Ƙwaron zaƙin da ke cikin gora yake bi, don haka a sare wadda ta kai shekara 3 zuwa 4, da rani, a nutsar da ita cikin ruwa mako 3 zuwa 4, abin da ba zai yi maka wuya ba a bakin tafkin Kainji, sannan a shanya a inuwa. A yanke kowane baki daidai saman gaɓa don kada ya zama kofin ruwa. Ba a buga wa gora ƙusa, tsagewa take yi. A huda a ɗaure da farar waya ko robar tiyub. Igiyar rama da ta kaba ba sa wuce damina ɗaya. Ga baka, gora uku sirara a ɗaure tare sun fi babba ɗaya lanƙwasuwa da riƙe kaya. Ƙafafun kuma ka yi su da azara ko ƙirya, gora ta tsaya a sama. Ɓangaren azara mai baƙin zare, na bayan giginya, shi ne gara ba ta so. Farin cikin ba shi da wannan ƙarfin.

Baƙin mai yana korar ruwa na ɗan lokaci, amma ba ya shiga cikin itace sosai, ruwa yana wanke shi zuwa ƙasa, kuma yana ɗauke da dattin ƙarfe daga inji. Kusa da abin da za a ci ko rijiya ba ma ba da shawararsa. Maganin katako irin Solignum ya fi shi, kuma amfaninsa a tsoma ne: a tsayar da busasshen bakin itace cikin bokitin maganin kwana ɗaya, domin ta baki itace yake sha, ta nan kuma ruwa yake shiga. Gara kuwa danshi take bi. Ka fasa hanyoyin ƙasar da ta gina, ka kwashe tsofaffin itatuwa da kara daga wurin. In za ka zuba maganin gara, ka sayi mai rajistar NAFDAC ka bi ma'aunin da ke jikin kwalba, kada ka zuba ana shirin ruwa. Da yawansu, kamar masu sinadarin fifronil, suna kashe kifi, kai kuma a bakin ruwa kake.

Daga wata ɗaliba a Koko: Baba ya ce a bari sai rani, ni kuma ina tsoron ta faɗo kan yara. Kuma za mu iya yi mata fenti yanzu?

Ke da Baba duk kuna da gaskiya. Aski da tokara yau ake yin su, kuma a hana yara bi ta ƙarƙashi har a gama. Haƙa rami da zuba kankare sun fi kyau a ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ƙasa ta daina zubar da ruwa amma ba ta yi tauri ba. Noti kuma a sake matse su a Janairu ko Fabrairu, sa'ad da hunturu ya motsar da katako iyakar motsewa.

Fenti yanzu a'a. Fentin mai a kan jiƙaƙƙen katako yana kulle ruwan a ciki, ya kumbura ya ɓare, ruɓa kuma ta ci gaba a ƙarƙashinsa. Ku bari katakon ya sha iska aƙalla mako 3 bayan ruwan ƙarshe, ku goge da sanfefa, ku shafa maganin katako a bakuna da mahaɗai, ya bushe, sannan fenti, a ranar da ba ƙura sosai. Babban askin furen kuma a watan Afrilu ake yin sa, kafin hadarin farko.